Shaƙuwa da Shaye-shaye: Abin da Kowa ke Shigowa da Shi Zauren Jinya

Lacca ga al'ummar Liba, Ƙaramar Hukumar Maiyama, Jihar Kebbi

  

Gabatarwa

A ɗauki samari biyu 'yan unguwa ɗaya, sa'o'in juna, ƙwayar da suke sha iri ɗaya. A zaunar da su zaure ɗaya gaban jami'i ɗaya, su ji magana iri ɗaya. Ɗaya ya riƙe zaman har ya rabu da ƙwaya, ɗayan kuwa mako uku aka gan shi, daga nan ko ƙeyarsa. Abin da muka saba faɗa shi ne wancan ɗan albarka ne, wannan kunnen ƙashi gare shi. Masana halayyar ɗan Adam suna da ƙarin bayani, kuma shi na zo da shi yau: kowane mutum yana shiga zauren jinya da irin yardar da ya koya tun yana goye, kuma jagoran da bai iya karanta wannan ba zai riƙa rasa waɗanda suka fi buƙatarsa.

Ba sai na daɗe kan girman matsalar ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 12 ne, kimanin mutum miliyan 3, kuma a ƙasa baki ɗaya cikin duk huɗu ɗaya mace ce. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma sayen bai tsaya ba. Mu nan ba lissafi muke gani ba, fuskoki ne: leburan da ke haɗiyar ƙwaya kafin ya shiga fadamar shinkafa, mai lodin buhunan albasa a Aliero, ɗan dako a kasuwar Jega, ɗan kabu-kabu, da matar auren da ba wanda ya san abin da ke cikin robar lemonta.

Mece ce shaƙuwa?

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsara wannan ilimi. A 1944 ya fitar da nazari kan yara 44 da aka kama da sata, ya lura da yawansu sun daɗe rabe da iyayensu mata tun suna ƙanana. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da yaƙi ya raba da gidajensu. Abin da ya kafa hujja a kai shi ne jariri yana zuwa duniya da buƙatar wani babba da zai gudu wurinsa in ya tsorata, kuma wannan buƙata ba ta gaza ta nono ba.

Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth a nan Afirka ta fara gwada maganar. A 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidajen ƙauyukan da ke kewayen Kamfala a Yuganda tana lura da uwa da ɗa. Da ta koma Baltimo ta Amurka sai ta tsara gwaji na kamar minti ashirin: a sa uwa da ɗanta ɗan shekara guda a ɗakin da bai sani ba, uwar ta fita, ta dawo. Kukan fitarta bai dami Ainsworth ba kamar abin da yaro ke yi in ta dawo.

Wani yaron zai ruga, a ɗauke shi, ya yi ajiyar zuciya, ya koma wasa. Wannan shi ne mai natsuwa. Wani zai maƙale yana kuka yana ture ta, rarrashi ba ya ratsa shi, domin ya saba wata rana a kula shi wata rana a manta. Wannan mai zulumi ne. Wani ko ɗaga kai ba zai yi ba, sai ka rantse bai damu ba, alhali in an auna bugun zuciyarsa a sama yake. Ya koyi cewa kuka ba ya kawo kowa, wannan shi ne mai ja da baya. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara na huɗu, mai ruɗani: ya nufi uwar, ya tsaya cak, ya juya, domin wanda zai gudu wurinsa shi ne wanda yake tsoro. Da aka haɗa bincike 32 daga ƙasashe takwas a 1988, kusan kashi biyu cikin uku na yaran masu natsuwa ne. A 1987 kuma Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna ana samun waɗannan salo a manya, a soyayya da zaman aure.

A gidan Bahaushe

Na ga wasu iyayenmu mata sun fara kallon juna. Za su ce, to mu da muke kunyar ɗan fari, ba mu faɗin sunansa, ba mu yi masa wasa gaban mutane, ashe lalata 'ya'ya muke yi? A'a. An yi wannan nazari a ƙasar Hausa. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gani a jarirai 18 a gidajen Hausawa masu mata fiye da ɗaya. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma yana da guda da ya fi natsuwa da ita, wadda ba lallai ce mahaifiyarsa ba: mai yawan ɗaukarsa ce, ko kaka, ko abokiyar zama, ko yaya. A wani nazarin da aka yi kan Dogon na Mali a 2001 ba a samu jariri mai ja da baya ko ɗaya ba, kuma masu binciken sun danganta haka da goyo da shayarwa duk lokacin da yaro ya nema. Babban gida da goyon baya arziki ne.

Inda ɓarakar take shi ne inda hannayen nan suka ɗauke gaba ɗaya. An saki uwa, an karɓe yaro rana ɗaya, an hana ta ganinsa. An kai shi riƙo gidan da ba a so shi ba. An tura shi almajiranci yana shekara biyar ko shida, garin da babu mai tambayar ko ya ci, ko jikinsa da zafi. Ko kuma yana gaban iyayensa, amma ba ya jin muryar uba sai da tsawa da dorina. Ba duk wanda ya bi ta nan ke lalacewa ba. Da yawa Allah ya haɗa su da malami ko goggo ko maƙwabciya da ta tsaya musu. Wanda bai samu kowa ba shi ke girma da darasi ɗaya: in ranka ya ɓaci, kai kaɗai ne.

Ina ƙwaya ta shigo?

Yaro ba ya iya kwantar wa kansa da hankali. A jikin babba yake koya, sau dubbai, har abin ya zauna masa. Wanda bai samu wannan ba yakan girma da zuciyar da in ta tashi ba ta da birki. A 1985 likita Edward Khantzian ya kawo bayanin cewa da yawan masu shaye-shaye ba daɗi suka fita nema ba, wani ciwo na zuci suke yi wa magani da abin da ya zo hannu. Philip Flores, wanda ya daɗe yana jagorantar zaman rukuni a Amurka, ya ɗora a kai a littafinsa na 2004, inda ya ce kamuwa da kayan maye ita kanta cutar shaƙuwa ce. Ƙwaya ba ta yin tafiya, ba ta gori, ba ta fasa alkawari. Ga wanda mutane suka sha ba shi kunya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a yi adalci. Da Catharine Fairbairn da abokan aikinta suka tattara binciken da suka bi mutane tsawon shekaru, a 2018, sun ga raunin shaƙuwa yana gabatar shaye-shaye, amma tasirinsa ƙarami ne. Akwai arahar ƙwaya, akwai aikin ƙarfi, akwai zaman banza, akwai abokai, akwai gado na jini. Don haka kada wani ya koma gida ya ce wa uwar yaro ke kika ja. Amfanin wannan ilimi ya fi fitowa wurin jinya.

Cikin zaure

Zaman rukuni shi ne mutum bakwai zuwa goma masu matsala iri ɗaya su riƙa haɗuwa rana ɗaya, lokaci ɗaya, kamar awa ɗaya da rabi, ƙarƙashin jagora mai horo. Tushensa na zamani ya haɗa da ƙungiyar masu barin giya da Bill Wilson da Bob Smith suka kafa a Ohayo a 1935. Irvin Yalom, wanda littafinsa na 1970 har yau ake karantar da shi, ya nuna abin da ke warkarwa a rukuni ya fi ƙarfin nasihar jagora: mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne, ya ga wanda ya riga shi tsallakewa, ya ji ana lissafa shi, kuma halin da yake yi a waje ya bayyana a cikin zaure inda za a iya gyara shi. Ku lura, duk waɗannan sai da yarda suke samuwa, yarda kuwa ita ce wurin da ciwon yake. Ga yadda mutanen nan huɗu suke in sun zauna.

Mai zulumi shi ke riga kowa zuwa. Ranar farko zai zazzage cikinsa kaf, ya yi kuka, ya karɓi lambar jagora, ya kira da tsakar dare. Idonsa na kan fuskar jagora. In an yaba wa wani sai ransa ya ɓaci, in ba a amsa gaisuwarsa da fara'a ba sai ya kwana yana tunanin an gaji da shi. Jagora sabon shiga zai ɗauka ya samu gwarzon ɗalibi. Ranar da jagoran ya tafi Birnin Kebbi taro bai sanar ba, ranar zai koma ruwa. Wannan iyaka yake buƙata da tabbaci tare: ga lokacin da za ka same ni, ga lokacin da ba za ka same ni ba, kuma mako mai zuwa ina nan. A sanar da shi tafiya tun da wuri. In ya jefo wa jagora tambaya, a mayar da ita ga 'yan zaure, don ya koyi jingina da mutum bakwai maimakon ɗaya. A kuma rage masa gudu wurin tona sirrinsa, domin wanda ya faɗi komai ranar farko yakan ji kunyar dawowa.

Mai ja da baya bakin ƙofa yake zama. Yaya jiki? Lafiya lau. Yaya makon nan? Ba komai. Zai gaya maka shi ba kamu ya yi ba, don aiki yake sha, duk ranar da ya ga dama zai bari. Ya iya ba wasu shawara, amma nasa ba ya fitowa. Bincike kan zaman rukuni ya sha nuna irinsa ba ya saurin jin shi ɗan gida ne, kuma ya fi saurin yanke zuwa. Kuskuren da ake yi shi ne a taso shi gaba, a ce yau sai ka yi magana. Da an matsa ya tafi, kuma ba zai yi sallama ba. Da shi ana farawa ta abin da ake gani: barci, kuɗin da ƙwaya ke ci a mako, wace sa'a ce sha'awar ta fi tasowa, wace hanya ce ke bi ta gaban dila. A ba shi aiki, ya riƙe makulli, ya shimfiɗa tabarma, ya kula da lokaci. In bai zo ba, wani ya same shi ya ce mun ga wurinka babu kowa, ba tare da faɗa ba. Mutumin da ya girma da yaƙinin babu mai lura da rashinsa, wannan 'yar magana tana yi masa aikin da wa'azin awa guda ba zai yi ba.

Mai ruɗani shi ya fi wuya, kuma sau da yawa akwai duka ko cin zarafi a tarihinsa. Wannan makon ya saki jiki, mako mai zuwa ya nemi faɗa da wanda ya tausaya masa, na gaba ya ɓace. Ɗaga murya kaɗan sai ya daskare ko ya zabura. Andreas Schindler ya yi nazari a Hambag ta Jamus a 2005 kan matasan da suka kamu da hiroyin, ya tarar wannan salo na so da tsoro a haɗe shi ya fi yawa a cikinsu. Irinsa ba a jefa shi rukuni kai tsaye. A fara ganinsa shi kaɗai, likita ya duba shi, a shirya shi, sannan a shigar da shi zauren da ba a tsawa, ba a titsiye, ba a tilasta wa kowa ba da labarin abin da aka yi masa.

Mai natsuwa ma yana kamuwa, wataƙila ta maganin ciwo bayan haɗarin babur, ko ta aikin gona. Bambancinsa shi ne in ya zame yakan zo ya faɗa, in an gyara masa ba ya ɗauka an tsane shi. Samun ɗaya ko biyu irinsa yana daidaita zaure, domin sauran suna gani da idonsu cewa ana faɗin gaskiya a kwana lafiya.

Kuma dole za a yi karo. Mai ja da baya zai ga mai zulumi ya cika surutu da son a sani, mai zulumi zai ga shirun wancan raini ne. Jagora mai horo ba ya tsoron wannan. Zai tsayar da zance ya tambayi kowa abin da ya ji, har ɗaya ya gane shirun nan tsoro ne, ɗayan ya gane surutun nan ma tsoro ne. Saɓanin da aka yi aka shirya, aka dawo mako na gaba kowa na wurinsa, shi ne darasin da yawancinsu ba su taɓa samu a gida ba. Masu ɗorin Aliero da ake zuwa wurinsu daga nesa ba su ɗaure kowace karaya iri ɗaya. Sai sun lalluba sun ji yadda ƙashin ya karye. Jagoran zaure ma haka.

Abin kiyayewa a garinmu

Na farko, kada a rikita kunya da ja da baya. Saurayin da ya sunkuyar da kai gaban babba, ya ƙi kushe mahaifinsa a bainar jama'a, tarbiyya ce. A duba yadda yake da sa'o'insa, da ko akwai mutum guda a duniya da yake kai wa kukansa. Saboda kunyar nan a ware zauren mata da jagora mace, kada a haɗa wa da ƙane, ko suruki da suruki, ko 'yan uba.

Na biyu, sirri. A Liba kowa ya san kakan kowa. Magana ɗaya ta fita daga zaure ta isa teburin mai shayi, zaman ya mutu, kuma waɗanda dama ba su yarda da mutane ba sun samu hujja.

Na uku, tara matasa ba tare da jagora mai horo ba yana da haɗari. Thomas Dishion da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa haɗa yara masu matsala wuri ɗaya kan iya ƙara lalata su, in zaman ya koma fagen alfahari da ɓarna. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A tuna kuma majalisar 'yan shaye-shaye ita ma rukuni ce: kullum tana nan, ba ta kora, ba ta tambaya. Wanda aka raba da ita ba a ba shi madadi ba, zai koma.

Na huɗu, zaure ba ya maye gurbin asibiti. Tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yanke ƙwayoyin barci irin su diyazafam farat ɗaya yana iya zama haɗari ga rai. Wanda jikinsa ya kamu sai likita ya sauke shi a hankali, a babban asibiti ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara.

Mari ko rakiya

A Satumbar 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka ga irin haka a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ta kai su ba, rasa yadda za su yi ne. Amma a auna da abin da muka faɗa. Mari yana hana hannu kai wa ga ƙwaya na ɗan lokaci, yana kuma tabbatar wa yaro abin da ya daɗe yana zargi, cewa na kusa da kai shi ke miƙa ka a ɗaure. Ya fito da ciwon da ya kai shi ga ƙwaya, ya ƙaru.

Ƙasar nan ta taɓa nuna wa duniya wata hanyar. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta: masu taɓin hankali su sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai rakiya, su je jinya da rana su dawo cikin mutane. Addininmu ma ya riga mu. Ya zo a Sahihul Buhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi kan yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, ba a fitar da shi daga jama'a ba.

Kammalawa

Salon shaƙuwa ba hatimi ba ne. Masana sun ga mutanen da suka taso cikin rashin tabbas suka zama masu natsuwa daga baya, ta hanyar aure nagari, ko malami, ko zauren da ya riƙe su shekara da shekaru. Abin da ke canja shi maimaici ne: a zo a tarar da kai, a sake zuwa a sake tarar da kai.

Don haka roƙona kaɗan ne. Ranka ya daɗe uban ƙasa, a ba mu ɗaki guda da ba a kan idon kasuwa yake ba. Ƙaramar hukuma ta tura ma'aikatan lafiya biyu, namiji da mace, su samu horon jagorancin rukuni, kuma kada a yi musu canjin wurin aiki bayan wata uku, domin sauya jagora yana rusa abin da aka gina. Malamai su ja kunnen masu gori daga kan mumbari. Wanda aure ya mutu a hannunsa kada ya raba yaro da uwarsa don huce haushi. Iyaye kuma ku sani komawa ruwa yana cikin tafiyar wannan cuta. Ranar da ɗanku ya zame, tambayar farko ita ce yaushe ne zama na gaba, kuma wa zai raka shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri.